Es ɗin zuciya shi kaɗai ya isa a yi burga da shi a kati na biyar?

Auta: Salamu alaikum. Ina so a raba mini gardama kan hannun jiya a wasan poka. Kati ukun farko da aka buɗe a tebur, waɗanda kowa ke haɗawa da biyun hannunsa, duk zuciya ne: sarki, 9, 4. Na huɗu da na biyar, 7 da 2, baƙaƙe. Ina riƙe da es ɗin zuciya da jak baƙi, ko biyu iri ɗaya ban haɗa ba. Murafen lemo 40 ne a tsakiya, na zuba 40. Kawu ya amsa da sarki biyu ya kwashe. Har yanzu ina nan kan bakana: duk mai es ɗin launin da ya cika tebur, burga (zubi ba tare da hannu mai ƙarfi ba don abokin wasa ya janye) ta wajaba a kansa, domin ya tabbata babu mai fulash ɗin da ya fi kowa; fulash shi ne kati biyar masu alama ɗaya, kamar zuciya biyar.

Kawu: Wa alaikumus salam. Auta, kai ka san es ɗin yana hannunka, ni ban sani ba, kuma ban damu in sani ba. Abin da na gani shi ne ka yi jim, ka kalli murafenka sau biyu kafin ka tura. Mai fulash ba ya wannan jim ɗin.

Malamin Lissafi: Kawu, a gafarce ni, amma yaron nan yana da hujja. Zuciya 13 ce a karta, 3 na ƙasa, saura 10. Hanyoyin da mutum zai riƙe biyu daga cikinsu 45 ne. Da es ya faɗo hannun Auta, sun koma 36. Tara kawai aka cire, sai dai su ne taran da mutane suka fi shiga wasa da su, don ba kowa ke shiga da 8 da 3 ba, amma es da ɗan uwansa launi ɗaya kowa na shiga. Sannan wanda ya zuba daidai abin da ke tsakiya, rabin lokaci kawai yake bukata a ajiye masa kati, wato a janye a bar masa, ya fita ba asara.

Kawu: To ni sau nawa ka ga na ajiye sarki biyu, Malam?

Malamin Lissafi: Gaskiya ban taɓa gani ba.

Yaya Babba: Nan maganar take. Lissafin Malam daidai ne, amma an yi shi ne don abokin wasa mai ajiyewa. Mai amsa 40 don ya ci 80, sau ɗaya cikin uku yake bukatar ya yi daidai. Kawu ya san Auta na yawan burga, saboda haka amsarsa ba ganganci ba ce.

Akwai kuma abin da ba a faɗa ba. Wa zai bi ka tun daga ukun farko har na biyar a tebur mai launi ɗaya? Ko mai fulash, ko mai sarki, ko mai jiran zuciya ta huɗu da babban kati guda. Na ukun nan da bai samu ba, es ɗinka ya riga ya doke shi ko ba ka zuba komai ba. Kenan burgarka ba ta kori kowa ba sai wanda da ma ka fi shi, ta bar ka da wanda ba ya tashi.

Auta: Amma Yaya, idan sai da fulash kaɗai nake zuba babba, kowa zai gane ni. Dole a samu hannun da zan yi burga da shi, kuma wanne ya fi wannan?

Yaya Babba: Wannan na yarda da shi. Kalmar "wajaba" ce nake ja da ita. Dabarar nan a Omaha, wani nau'in poka, ta fi suna, inda ake raba kati huɗu kuma fulash ya yi yawa har mutane na ajiye ƙaramin fulash. A namu na kati biyu, wa ka taɓa gani ya ajiye fulash saboda murfi 40?

Malamin Lissafi: Shi ya sa nake ganin 40 ɗin ce ta yi kaɗan. Libratus, manhajar jami'ar Carnegie Mellon da ta doke ƙwararru huɗu a Pittsburgh a 2017, an san ta da zubin da ya ninka abin da ke tsakiya. Da Auta ya tura 80, sarki biyu sai ya sake tunani. Amma fa a nan sai an ajiye masa sau biyu cikin uku.

Inna: Ni tambayata ɗaya: murafen nan dai ba a canza su da kuɗi ko?

Kawu: Ko sisi, Inna. A gwangwanin madara suke kwana.

Auta: To Kawu, tsakaninka da Allah, da 80 na zuba za ka ajiye?

Kawu: Da ka tura ba tare da jim ɗin nan ba, wataƙila. Ranar Asabar ka zo da wuri, ni zan raba.