Don Allah a warware mini: ta yaya injin wutsiyar bakteriya ke juyawa baya?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Kwana uku ke nan kaina ya ɗaure, ga shi mako mai zuwa zan yi bayanin abin a gaban 'yan ajinmu.

Maganar injin da ke juya wutsiyar ƙwayar bakteriya mai suna E. coli ce. Na gane ba ATP (sinadarin da ke ba ƙwayar halitta kuzari) yake ci ba, furoton (proton, wato ƙwayar haidurojin mai caji) ne ke kwararowa daga waje zuwa cikin ƙwayar ta jikin wasu sassan injin da ake kira MotA da MotB, kamar yadda ruwan dam ke juya injin wuta. Binciken 2020 ya nuna MotA guda 5 ne suka kewaye MotB guda 2. Shigar furoton ke juya MotA, shi kuma ya tura FliG, wani sashe na babban zoben da ke gindin wutsiyar.

Ga inda na maƙale. Idan CheY (sinadarin da ke kawo wa injin saƙo) mai ɗauke da fosfet ya manne da FliM, wani sashe na zoben, sai zoben ya koma juyawa ta ɗaya gefen, ƙwayar ta daina tafiya kai tsaye ta shiga wuntsilawa. Amma furoton bai sauya hanya ba, MotA ma haka. Jiya har murfin kwalba da murfin gwangwani na haɗa a kan tabarma ina murzawa, kuma duk yadda na yi, babban ba ya sauya hanya sai ƙaramin ya sauya.

Na karanta cewa zoben ne ke buɗewa har MotA ya koma taɓa shi ta ciki. To MotB a kafe yake a bangon ƙwayar, ya zoben ke tsallake MotA ba tare da sun rabu ba? Wanda ya fahimta ya taimaka, ko da zane ne. Allah ya saka da alheri.