Likita ta rubuta min maganin kansar mama don neman haihuwa, na daina sha

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah a ɓoye sunana. Shekarata huɗu da wata bakwai da aure, ko ɓatan wata ban taɓa yi ba. Tun ina budurwa al'adata ba ta da tsari, sai in yi wata uku ban gani ba, ga gashi yana fito min a haɓa, da daddare nake tsigewa don kada maigida ya lura. Ƙanwar mijina da aka yi bikinta bayana da shekara biyu yanzu goyo na biyu take. Ranar sunan, Hajiya, uwar mijina, ta ce a gaban mutane wai wasu sai ci da cika masai. Ban tanka ba, na shige ɗaki na yi kukana. Na sha jiƙe-jiƙe har sai da cikina ya lalace. Watan jiya na je asibiti, aka yi sikanin, likita ta ce PCOS ne, ƙwaina ba ya nuna balle ya fito. Ta rubuta letrozole, ƙwaya ɗaya kullum na kwana biyar daga rana ta uku ta al'ada. Na sha biyu. Maigida ya buɗe takardar cikin kwalin, ya ga an rubuta maganin kansar mama ne na matan da suka daina al'ada, kuma ba a ba mai ciki. Ya kai wa Hajiya maganar, ta ce in jefar. Na daina. Kansa gare ni ake ɓoye min, ko kuskure likitar ta yi?

Maman 'Yan Biyu: Wa'alaikumussalam. Allah Ya ba ki masu albarka. Ni Clomid, wani maganin sa ƙwai ya fito, aka ba ni, wata na uku sai ga ciki, ga su nan suna makarantar allo. Ki koma ki ce a canza miki da shi, shi kowa ya sani.

Anti Famasi: Ƙanwata, ba ki da kansa kuma likitarki ba ta yi kuskure ba. Ke kika yi kuskure da kika yanke magani kan maganar wanda bai karanci fannin ba. Saurara da kyau. Jikin mace yana ƙera homon ɗin estrojin ne ta hanyar wani sinadari da ake kira aromatas. Letrozole ɗan mitsitsin abu ne da aka ƙera a ɗakin gwaji daidai bakin aromatas ɗin, ya shiga ya toshe shi kamar mukullin da ya karye a cikin kwaɗo. Yawancin kansar mama da estrojin take girma, shi ya sa kamfanin Novartis ya fito da shi da sunan Femara, Amurka ta amince da shi don wannan ciwon a 1997. A jikinki aikinsa daban ne. In estrojin ya yi ƙasa na kwana biyar, sai ƙwaƙwalwa ta ɗauka an yi ƙaranci, ta ƙara turo homon ɗin FSH, shi kuma ya sa ƙwai ya girma ya fito. Likitoci biyu a Toronto ta Kanada, Mitwally da Casper, su suka wallafa wannan a 2001. A 2014 aka wallafa gwajin da aka yi masa da Clomid a kan mata 750 masu PCOS a Amurka: kashi 27.5 cikin ɗari na masu letrozole sun haihu, masu Clomid kashi 19.1. Saboda haka Maman 'Yan Biyu, ki bar ce wa mutane su je su canza magani.

Maman 'Yan Biyu: Anti, ni abin da na gani a jikina na faɗa, ban ce ni likita ba ce.

Mai tambaya: Anti na gode, amma in gaskiya ne me ya sa ba su rubuta a takardar ba? Kuma ba haka kawai na daina ba, jiri na yi ta ji a rana ta biyu. Ba zan iya saɓa wa Hajiya ba, gida ɗaya muke.

Uwargida: An gwada maigidan kuwa? Shekara shida ina yawon asibiti, an wanke min mahaifa, an yi min hoton nan mai azabar ciwo na duba hanyar ƙwai, na sayar da sarƙar zinarina. Sai da ya ƙaro aure ita ma shiru, sannan ya yarda ya kai maniyyi. A wurinsa matsalar take. Har yau ko mutum ɗaya a danginsa bai ce min yi haƙuri ba.

Mai tambaya: Yaya, mijina ba haka yake ba, shi ke sayen maganin da kuɗinsa. Kuma ai an riga an ga matsalar a jikina.

Uwargida: Ni ma haka na ce shekara shida.

Hajiya Babba: 'Yata, haihuwa ta Allah ce. Ki yawaita istigfari, ki riƙe addu'ar Annabi Zakariyya. Ni dai ba zan sha abin da aka rubuta kansa a jikinsa ba. In dole ne, a yi miki allura, 'yar ƙanwata allura aka yi mata.

Anti Famasi: Hajiya, addu'a kam dole, amma allurar ba ta fi sauƙi ba. Allurar da kike nufi FSH ce kanta, furotin ce, ta ninka letrozole nauyi wajen sau ɗari. In aka haɗiye ta ciki zai narkar da ita kamar nama, dalilin da ya sa masu ciwon suga ba sa haɗiyar insulin ke nan. Tana son firij, ga halin wutarmu, ga tsada, ga sikanin a kai a kai don kada ƙwai ya yi yawa a samu 'yan uku ko gidan ƙwan ya kumbura. Amfanin ƙananan sinadarai ke nan: suna tsallake ciki lafiya, suna zama a durowa, ƙera su ba tsada. Kuma ba yau aka fara samun magani ɗaya da aiki biyu ba. Tamoxifen, wata mata Dora Richardson ta haɗa shi a kamfanin ICI na Ingila a 1962, ana neman maganin hana ɗaukar ciki. Ya hana ɓeraye, amma a jikin mata sai ya riƙa sa ƙwai ya fito, daga baya ya zama babban maganin kansar mama. Ke kuma ƙanwata, batun takarda: kamfanin don ciwon kansa ya yi rajistarsa, abin da ya yi rajista da shi kawai yake rubutawa. A 2005 ma ya yi gargaɗi kan amfani da shi don haihuwa, sai a 2006 aka duba jarirai 911 a Kanada ba a ga ƙarin tawaya ba a kan na Clomid. Gaskiya ne ba a ba mai ciki, shi ya sa ake gwajin ciki kafin kowane zagaye. Jiri da gajiya sanannu ne, likitarki ya kamata ki gaya wa. Kuma Uwargida ta yi gaskiya, a gwada maigidan.

Amaryar Bana: Ku da kuka samu likita mai bayani ma. Ni tawa ko kallona ba ta yi, minti uku ta miƙo takarda. Na tambaya, ta ce akwai mutane a layi.

Mai tambaya: Anti, to saura ukun in shanye su yanzu? Yau kwana tara ke nan da dainawa.

Anti Famasi: Kul! Lokacinsa ya wuce. Ki koma asibiti, ki faɗi gaskiya cewa biyu kika sha, ki faɗi jiƙe-jiƙen da kike haɗawa. Ki tafi da mijin, ya ji da kunnensa.

Mai tambaya: Ba zai samu lokaci ba, kasuwa yake wuni. Kuma jiƙon na Hajiya ne, da hannunta take kawo min kowace safiya ta tsaya har in shanye. Ina tunanin in bari a yi Sallah tukuna.

Hajiya Babba: Haka ya fi, 'yata. Gaggawa ba ta kawo ɗa.

Uwargida: Shekararki nawa ma? Ba ki faɗa ba.