Neman shawara: aksil ɗin Hilux yana kuka bayan canjin boris

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Don Allah ku taimaka, hankalina a tashe yake. Hilux ce tsohon yayi, ta ɗaukar kaya. Sil ɗin bakin farfela, wato robar da ke tare man aksil, ya mutu, mai ya tsiyaye, boris ɗin finiyon (ƙaramin giyan da farfela ke juyawa) suka ci. Na sa sababbi, na zuba man giya GL-5, na mayar da kirawn wil (babban giyan da finiyon ke juyawa) da finiyon na da tunda haƙoransu lafiya lau. Yanzu da na taka totur sai kuka, in na saki sai ƙwas. Jibi akwai lodi.

Tsohon makaniki: Wa'alaikumussalam. Ɗana, nawa ne wasan haƙorin, wato ratar da ke tsakanin haƙoran kirawn wil da na finiyon? Toyota ta ce 0.13 zuwa 0.18 mm. Kafa geji mai agogo kan haƙorin kirawn wil, ka danne finiyon kada ya motsa, ka girgiza kirawn ɗin gaba da baya. Auna wuri 4 a zagayen. In wasa ya yi yawa, sassauta notin ɓangaren haƙora, ka ɗaure na bayan kirawn, rami ɗaya can rami ɗaya nan, don matsin boris ya zauna yadda yake.

Mai gareji: Baba, ƙwas ɗin daga wasan haƙori yake, amma kukan totur zurfin finiyon nake zargi. Shafa fenti a haƙori 3 ko 4, ka juya, ka ga inda suke haɗuwa. In ba a tsakiya ba ne, shim, wato siririn zoben da ke saita zurfin finiyon, za a canza. Kuma tsohon haƙori kan wasan da ya saba ake mayar da shi.

Mai kayan gyara: Boris ɗin yanzu akwai jabu a ciki, laifin kuma kullum a kanmu. Sayi aksil na Beljiyam ka huta.

Mai tambaya: Ba ni da geji, amma da hannu na ji, wasan bai yi yawa ba. Notin finiyon ma daidai alamar inda yake a da na ɗaure.

Tsohon makaniki: Hannu ba ya jin 0.05 mm. Kuma alama ta tashi aiki tunda boris sabo ne. Ka canza zoben nan mai lotsewa da ke tsakanin boris biyun? Sau ɗaya ake aiki da shi. Sauke ka sake.

Mai tambaya: Zoben bai lalace ba, Baba. In na zuba mai mai kauri, lamba 140, ba zai kai ni Maraɗi ba?