Neman shawara: ya zan haɗa imel da manhajar karɓar kuɗi su riƙa aiki da kansu?

Maman Ilham:
Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah masana a taimaka min da shawara. Ina sayar da darussan ɗinki ta intanet, bidiyo ne da PDF, ina karɓar kuɗi ta Stripe wasu kuma ta PayPal. Yadda nake yi yanzu in mutum ya biya sai saƙo ya shigo Gmail ɗina cewa kuɗi sun shiga, sai in buɗe in kwafo adireshinsa in tura masa linkin darasin sannan in rubuta sunansa a Google Sheets, duk da hannu, da can da mutane kaɗan ne ba damuwa amma yanzu abin ya fi ƙarfina wlh, wani zai biya da tsakar dare ina barci kafin gari ya waye ya cika min waya da saƙo wai an cinye masa kuɗi. So nake da zarar imel ɗin biya ya shigo kwamfuta ta karanta da kanta ta ciro adireshin mai saye ta tura masa kayansa. An ce min Zapier, wata manhaja mai haɗa manhajoji su riƙa aiki tare, na yin haka. Ban iya rubuta kod ba sam. Ta ina zan fara?

Abu Hanan:
Wa alaikumus salam Hajiya. Abin da kike so yana yiwuwa kuma ba sai kin iya kod ba, amma dan Allah kar ki ɗora tsarin a kan imel ɗin da ke shigo miki. Imel kowa zai iya ƙirƙira, ɗan damfara sai ya kwaikwayi tambari da kalar rubutu da komai ya turo miki "an biya", kamar dai alat na bogi, ke da idonki ƙila ki tsaya ki shiga akawun ki duba amma kwamfuta ba za ta tsaya ba, tana ganin kalmar da kika saita mata za ta miƙa darasin kyauta. Sannan duk ranar da aka canza fasalin saƙon ko da layi ɗaya ne ya matsa, mai ciro adireshin zai fara ɗauko abin da ba shi ba ke kuma ba ki sani ba.

Ki juya abin. Manhajar kuɗin ce za ta fara magana, imel ya zo a ƙarshe. Stripe da PayPal duk suna da abin da ake kira webhuk, wato da zarar kuɗi sun shiga su da kansu za su aika sanarwa zuwa inda kika ce, da lambar cinikin da adadin kuɗin da adireshin mai saye. A Zapier mataki na farko ki zaɓi Stripe ba Gmail ba, mataki na biyu Gmail ya tura linkin, na uku Sheets ya ƙara layi. Na PayPal ki yi masa nasa daban.

Sadiq_Tech:
Ni dai da filta na Gmail da saƙon da aka tanada nake yi, in saƙo ya zo daga adireshin kamfanin sai amsa ta fita otomatik, ba ko sisi.

Abu Hanan:
Malam Sadiq wannan amsar ai wanda ya turo saƙon take komawa, wato kamfanin kuɗin, ba kwastoma ba. Sai dai in kwastoman ne ya rubuto maka da kansa, a nan kuma ba ka da hujjar ya biya.

Sadiq_Tech:
Haka ne fa, nawa kwastomomin ne ke rubutowa ni kuma in duba daga baya.

Ummu Khalil:
Yar uwa ki riƙe maganar Abu Hanan. Bari in ƙara abin da sai an fara amfani ake cin karo da shi. Stripe da kansu sun rubuta cewa sanarwa ɗaya tana iya zuwa fiye da sau ɗaya, kuma ba lallai su zo a jere yadda abubuwan suka faru ba, in ba su samu amsa daga ɓangarenki ba za su yi ta sake turowa har tsawon kwana 3. To in ba ki yi tanadi ba mutum ɗaya zai samu imel iri ɗaya sau biyu, a Sheets kuma ki ga kamar ciniki biyu aka yi lissafinki ya rikice. Maganinsa ki ware layi na tsaye a Sheets na lambar ciniki, kafin a tura imel a fara neman lambar, in tana nan a tsaya in babu a tura a rubuta. Da lamba za ki nema ba da suna ba, masu suna ɗaya suna da yawa kuma mutum ɗaya zai iya sayen darasi biyu.

Sannan ba duk wanda ya gama cika fom ne kuɗinsa suka shiga ba. Kati nan take ne, amma cirewa daga akawun na banki kan ɗauki kwanaki kuma yana iya faɗuwa daga baya, saboda haka ki sa sharaɗi sai matsayin biya ya nuna paid kafin komai ya fita. Ni abin da ya fi damuna da masu koyar da wannan a bidiyo shi ne suna nuna ranar da komai ya tafi daidai kawai, ba mai maganar ranar da aka mayar wa mutum kuɗinsa ko ya kai ƙorafi bankinsa, alhali waɗannan biyun ma suna da tasu sanarwar, ko ba komai ki saita ta turo miki saƙo ke kaɗai ki cire shi daga jerin masu shiga darasin.

Maman Ilham:
Allah ya saka da alheri, na fara fahimta. Amma na duba Zapier na kyauta mataki biyu kawai yake bari, ni kuma ga shi ina buƙatar huɗu ko biyar. Wani ya ce in yi da Apps Script, wajen rubuta kod na Google, tunda kyauta ne, ya kuke gani?

Injiniya Bash:
Hajiya akwai Make, mai aiki irin na Zapier, wanda da ake kira Integromat kafin su canza suna a 2022, shi tsarinsa na kyauta yana barin matakai da yawa sai dai yana ƙirga yawan aikin da aka yi a wata. Akwai kuma n8n, shi ma irinsu ne, da za ki iya ɗorawa a kan sabarki, wato kwamfutarki da ke kan intanet kullum, amma wannan sai da mai kula, ban ba ki shawararsa ba yanzu.

Apps Script kuwa ki yi a hankali. Yana karɓar webhuk amma ba ya iya karanta kan saƙon, wato bayanan da ke tafe a saman sanarwar (header), a nan ne kuma Stripe ke sa hannunsa da ake tantancewa da shi a san daga gare su saƙon ya fito, ga shi yana amsawa da juyawa zuwa wani adireshi wanda Stripe ke ɗauka a matsayin saƙo bai isa ba sai ya yi ta maimaitawa. Masu amfani da shi dabarar da suke yi ita ce su sa kod ɗin ya riƙa zuwa da kansa duk bayan 'yan mintoci ya tambayi Stripe sababbin ciniki. Yana aiki amma ga wadda ba ta rubuta kod, ranar da ya tsaya wa zai gyara? Ga kuma iyaka, akawun ɗin Gmail na kyauta mutum 100 kawai zai tura wa a rana ta Apps Script, na Workspace, wato akawun ɗin Google na kasuwanci da ake biya, 1,500.

In kika ba wani ya haɗa miki, kar ki miƙa masa babban mabuɗin API ɗinki, wato lambar sirrin da manhaja ke shiga akawun ɗinki na Stripe da ita, mai farawa da sk_live, da shi ana iya mayar da kuɗi a taɓa komai. Ki ƙirƙiri taƙaitacce mai farawa da rk wanda karatu kawai zai iya, in kun rabu ki goge shi.

Ummu Khalil:
Kuma kafin ki sake shi ga mutane ki kunna yanayin gwaji, ki saya da kanki da katin gwajinsu 4242 4242 4242 4242, ki sa adireshin wani imel naki ki ga me ya iso, ki leƙa fuldar sifam ma dan saƙon da ba komai cikinsa sai linki can yake yawan faɗawa. Ki sa sunan mai saye da sunan darasin da 'yan layuka na bayani. In da sunan shafinki kike turawa ba gmail.com ba to ki saita SPF da DKIM, wato setin da ke tabbatar da cewa daga gare ki imel ɗin ya fito, tun Fabrairun 2024 Gmail da Yahoo suka tsaurara a kan haka.

Abu Hanan:
Wani abu da zai rage miki surutun masu biya da dare tun yau kafin ma ki haɗa komai, a setin ɗin Stripe akwai wajen kunna rasit otomatik, sannan a Payment Link, wato linkin biya na Stripe, kina iya rubuta saƙon da mutum zai gani bayan ya biya, ki rubuta cewa darasi zai iso imel ɗinsa kuma ya duba sifam. Ki lura fa PayPal adireshin da mutum ya buɗe akawun da shi yake ba ki, wani ya shekara bai buɗe wannan imel ɗin ba.

Maman Ilham:
Kai wannan na ƙarshen shi ne yake faruwa da ni, in tura su ce ba su gani ba. To na kunna rasit ɗin yanzu, gobe in sha Allah zan gwada Make da katin gwajin. Yaya Ummu Khalil lambar cinikin da kika ce, wacce ce a ciki, na ga wata mai farawa da cs wata da pi?

Ummu Khalil:
Ta cs ta shafin biya ce, ta pi ta kuɗin ce kanta. Ki ajiye duka biyun amma ki riƙa nema da pi, dan ita ce za ki sake gani a sanarwar mayar da kuɗi, da ita za ki gane layin wa za ki taɓa.