Layi Namu, Kujera Tasu: Musayar Waƙa Kan Mata da Siyasa

Wata malamar makaranta daga Zariya ce ta buɗe zaure:

Assalamu alaikum. Na tsara waɗannan baitoci ne bayan na duba jerin sanatocin majalisa ta goma na tarar da mata 4 kacal cikin kujeru 109, alhali a garinmu aka haifi Hajiya Gambo Sawaba a 1933, wadda aka ɗaure har sau 16 a gwagwarmayar da ta yi ƙarƙashin jam'iyyar NEPU. Ina roƙon masu alƙalami su amsa mini.

Da sunan Allah zan buɗe zancena,
Wanda bai ware mace daga hankali ba.

Ranar zaɓe mu ke cika layi tun asuba,
Da goyo a baya, zafin rana bai kore mu ba.

Lokacin kamfe mu ke ɗinka anko mu yi guɗa,
Amma ranar rabon kujeru ba a kira mu ba.

Muƙami ɗaya aka ware mana, shugabar mata,
Mai tara jama'a, wadda ba a nemi shawararta ba.

Gambo ta sha duka da ɗauri don mu yi zaɓe,
Har ta koma ga Allah ba ta bar kiran Sawaba ba.

Sai a 1976 matan Arewa suka sami ƙuri'a,
Ga shi har yau ƙasar nan ba ta zaɓi gwamna mace ba.

Wani dattijo daga Kano ya amsa:

'Yata, ban ƙi gaskiyarki ba, sai dai na daɗe ina siyasar mazaɓa, kuma abin da idona ya gani ne ya sa nake jin tsoro.

'Yata, ki saurari ta bakin tsoho,
Wanda ya ga jiya a cikin jam'iyya.

Taron da ake yanke magana sai tsakar dare,
Ga 'yan banga a ƙofa suna ta hayaniya.

Ko an yafe wa mace kuɗin fom ɗin takara,
Daliget na nan zaune yana jiran dukiya.

Ba raini ba ne ya sa muke cewa ku dakata,
Mutuncin mace ƙwai ne, ba ya son garaje a hanya.

Ku raini 'ya'yan da za su hau kujerun,
Wannan ma mulki ne babba a duniya.

Wata da ta taɓa neman kansila ta mayar masa:

Baba, da girmamawa nake amsa maka, domin ni na shiga fagen da ƙafata, kuma ba 'yan banga ne suka fi cutar da ni ba.

Baba, ƙwan da kake tsoron ya fashe,
Dattawan jam'iyya suka jefar da shi, ba hanya ba.

Da na manna fosta aka ce ba ni da miji,
Alhali shi ya biya kuɗin bugu, bai hana ni ba.

Da suka gan shi suka kira shi mijin-ta-ce,
Wai namijin kirki ba zai bar matarsa ta fito ba.

A garin mijina aka ce ni baƙuwa ce,
A garin ubana aka ce aure bai bar ni tasu ba.

An kira ni karuwa a gaban 'ya'yana,
Kalmar da ba a jefi abokin takarata da ita ba.

Shi ana tambayarsa rijiya nawa zai haƙa,
Ni ana tambayata wa zai tuƙa tuwo in ban dawo ba.

Wa ya ajiye taron nan a tsakar dare, Baba?
Mutane ne suka sa shi, doka ba ta ce haka ba.

A mai da shi bayan la'asar a ofishin jam'iyya,
Ka gani ko mata ba za su cika ɗakin ba.

Ranar fidda gwani aka ce in janye wa yaro,
Aka kira shi maslaha, ba a ƙirga ƙuri'a ko ɗaya ba.

Wata matashiya daga Maraɗi ta sa baki:

Yaya, a nan Nijar an kafa dokar kason mata a shekarar 2000 da kashi 10 cikin 100 na kujerun zaɓe, aka ɗaga shi zuwa 15 a 2014, sannan zuwa 25 a 2019.

Yaya, doka ba ta wanke zukatan mutane,
Amma ta hana a rufe ƙofa gaba ɗaya.

Yarinyar da ta ji mace na magana a majalisa,
Ta daina ɗaukar abin a matsayin tatsuniya.

Malamar Zariya ta dawo:

Ƙanwata, irin wannan aka nema a Abuja, amma a ranar 1 ga Maris 2022 majalisa ta yi watsi da ƙudurorin mata guda 5, har da na ware musu kujeru, mata suka yi kwanaki suna zaman dirshan a ƙofar majalisar.

Baba, Nana Asma'u ta yi reno ta kuma yi jagoranci,
Ta naɗa jaji, mata masu koyar da mata, Shehu da Bello ba su kulle ta ba.

Dattijon ya sake magana:

'Yata mai neman kansila, baitinki ya taɓa ni,
Don an faɗi kalmar nan a gabana na kau da kai da wuya.

Kan ware kujeru har yanzu ina da ja,
Amma kan ƙazafi shirun da na yi abin kunya.

Mai neman kansila ta ce:

Baba, zan sake yankar fom in Allah ya kai mu,
In an faɗi kalmar a taro, ina fatan ba za ka yi shiru ba.