Wai mu masu ra'ayin talakawa a Kano, har yaushe za mu ci gaba da zama 'yan rakiya?

Ɗan Gwammaja ya rubuta:

Salamu alaikum jama'a. Wlh da takaici na kwana da shi na tashi, shi ya sa na ce bari in kawo maganar nan ko akwai wanda zai ganar da ni abin da na kasa ganewa.

Jiya bayan isha'i muka yi mitin ɗin mazaɓa na wata 'yar ƙaramar jam'iyya da nake ciki, ba sai na kama suna ba, mu wajen ashirin a kan tabarma, yawanci malaman makaranta ne irina sai 'yan adaidaita biyu da wani tela. Shekara biyu muna karo-karo muna biyan hayar ɗan shagon da muka mayar ofis, mun bi gida-gida mun rubuta sunayen mutane, kawai sai ga saƙo daga sama wai shugabanni sun zauna a Abuja sun ga ba za mu kai labari mu kaɗai ba, don haka za a shiga maja da manya, mu jira umarni. Manyan nan su wane ne? Su ne dai mutanen da muka shigo nan don mu guje musu. Wanda ya kawo saƙon har da ce mana wai siyasa lissafi ce. Na ce lissafin wa, namu ko naku?

Abin da ya fi ci min rai, kullum sai na wuce ta gaban gidan Mumbayya, gidan marigayi Malam Aminu Kano, in zan tafi makaranta. A garin nan aka kafa NEPU a 1950, a garin nan talaka ya fara ɗaga kai ya kalli hakimi ido da ido, yau kuma babu ɗan siyasar da ba ya rantsuwa shi ne magajin Malam Aminu, kowa da hoton Malam a fostarsa. Amma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta je ta haura 1,000, mafi ƙarancin albashi 70,000 ko buhun shinkafa bai saya ba lokacin da aka sa masa hannu, ban ji wata jam'iyya da ta tsaya tsayin daka ta ce ga hanyarmu daban ba. Su kuwa 'yan mazan jiya, manyan 'yan kwangila da tsofaffin masu mulki da masu uwa a gindin murhu, ba su taɓa faɗuwa zaɓe ba, duk wadda ta ci suna cikinta kafin a rantsar.

To tambayata: mu bi su cikin babbar jam'iyya da sunan za mu gyara daga ciki, ko mu tsaya a ƙaramarmu muna shan kaye har Allah ya kawo ranarmu?

Tsohon Ɗan Santsi ya rubuta:

Wa alaikumus salam ɗana. Jikana ne yake buga min, idona ya yi rauni. Wannan tambayar taka ba sabuwa ba ce, a kanta muka raba gari muka daina gaisawa da 'yan uwanmu na jini.

A 1979 ina saurayi PRP ta ci Kano ta ci Kaduna, Abubakar Rimi a nan, Balarabe Musa a can. Da aka soke haraji da jangali na ga dattijo a ƙauyenmu yana kuka da hawaye, don ku yaran yanzu ba ku san mene ne a shanya mutum a rana a ƙofar gidan dagaci saboda kuɗin haraji ba. Aka kafa jaridar Triumph, aka buɗe makarantun yaƙi da jahilci, aka ba ma'aikata hutun 1 ga Mayu tun kafin gwamnatin tarayya ta yi. Muna ganin shi ke nan an gama.

Sai maganar haɗa kai ta taso. Gwamnoninmu biyu suka riƙa zama da na UPN ta Awolowo su biyar da na GNPP su biyu, gwamnoni tara ke nan, da niyyar a haɗu a kayar da NPN mai mulkin tarayya. Uwar jam'iyya ƙarƙashin Malam ta ce a daina zuwa, suka ƙi, aka kore su. Daga nan PRP ta rabu biyu, Santsi masu bin gwamnoni da Taɓo masu bin Malam, mu muna cewa su sun kwanta wa NPN, su suna cewa mun sayar da jam'iyya ga Awolowo. Ka ga ai maganar majar taku ce sak, tufafi kawai ta sake.

Muna wannan rigimar su kuma suna aikinsu. A Kaduna gwamna namu ne amma majalisa ta NPN ce, suka ƙi amince masa da kwamishinoni har suka tsige shi a watan Yunin 1981, bai cika shekara biyu ba. Ko wata guda ba a yi ba, ranar 10 ga Yuli, bayan takardar tuhumar da gwamnati ta aika wa Sarki Ado Bayero, gari ya kama da wuta, aka ƙone gine-ginen gwamnati aka kashe Dakta Bala Muhammad mai ba gwamna shawara kan siyasa. Ina cikin gari ranar, ba labari aka ba ni ba. A 1983 Malam ya rasu a watan Afrilu, Rimi ya koma NPP ya yi takara, Sabo Bakin Zuwo na Taɓo ya kayar da shi, wata uku soja suka kwashe kowa da kowa. Ba mu yi hankali ba, zamanin SDP muka sake irin wannan faɗan na cikin gida har NRC ta samu gwamna a Kano a 1992, a jihar da Abiola na SDP ya zo ya doke Bashir Tofa na NRC ɗan gida a 1993.

Ni ɗan Santsi ne har gobe, amma yau in ka tambaye ni zan ce mun yi gaggawa, mun ɗauka kujerar gwamna ita ce mulki. Su 'yan mazan jiya tun zamanin NPC, jam'iyyar su Sardauna, ƙarfinsu ba a akwatin zaɓe yake ba, yana wajen alƙali da ɗan doka da mai unguwa da wanda yake ba ka bashin taki, waɗannan kuwa ba a kaɗa musu ƙuri'a.

Na Kwari ya rubuta:

Baba Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, mun ƙaru. Amma ni Malam Ɗan Gwammaja gaskiya zan faɗa maka ko za ka ji haushi, ku 'yan aƙida kuna da daɗin baki amma ba ku san kasuwa ba. Kano ƙananan hukumomi 44 ne, mazaɓu 484, rumfunan zaɓe kuwa dubbai, kowace rumfa sai ka ajiye ejan, ka ba shi abinci ka ba shi kati ka ba shi na mota ya raka sakamako har wajen tattarawa in ba haka ba kafin asuba an sauya maka lamba, to da karo-karon malaman makaranta za ka yi wannan? Fom ɗin takarar shugaban ƙasa a APC naira miliyan 100 aka sayar a 2022, na gwamna miliyan 50, wannan kafin ka fara ganin deliget ke nan.

Kuma kar ku ce ƙaramar jam'iyya ba ta ci, NNPP wa ya san ta a Kano kafin 2022? Amma a 2023 ta kayar da jam'iyya mai mulki da ƙuri'a sama da miliyan ɗaya a zaɓen gwamna. Me ya sa? Akwai mutane a ƙasa da aka yi shekaru ana ginawa, akwai yaran da aka kai karatu waje iyayensu ba su manta ba, akwai kuɗi, akwai jagora guda da in ya ce a yi za a yi. Ita PRP da ake ta kuka da ita tana nan a takardar zaɓe da makullinta, Kola Abiola ta tsayar a 2023, a rumfarmu ban ga ta samu abin da za a ƙirga da yatsun hannu biyu ba. Ku shiga inda mutane suke ku nemi ko sakataren mazaɓa ne, da babu gara ba daɗi.

Ɗan Gwammaja ya rubuta:

Alhaji ai ka faɗi matsalar da bakinka, jagora guda. Ranar da jagoran ya sauya sheƙa fa? Mun ga ana kwana a jam'iyya ɗaya a tashi a wata, hular ce kawai ba ta sauya ba. Wannan bin mutum ne ba bin manufa ba. Kuma waɗanda suka shiga don su gyara daga ciki na san da yawansu, yanzu sojojin baka ne a rediyo suna kare abin da da suke zagi.

Maman Ilham ta rubuta:

Ni dai ina karantawa ina dariya, maza an haɗu ana ta tarihi. Malam a mitin ɗin naku na mutum ashirin mata nawa ne? Na san amsar. Ranar zaɓe ku je ku ga layin da ya fi tsawo, mu ne muke tsayawa tun safe da goyo, amma ba mai zuwa wajenmu sai ana saura kwana uku a zo da taliya da sabulu da atamfa, sannan ku dawo Facebook kuna zagin mu wai mun sayar da 'yancinmu. Matar da ba ta ɗora tukunya ba tun jiya, kai ka zo mata da jari-hujja da gurguzu, wancan ya zo mata da abin da yara za su ci yau, kuma lokacin da mijinta yake kwance a asibiti yaron wancan ɗin ne ya zo ya biya kuɗin magani, ranar suna ya zo, ranar rasuwa ya zo. Ku kuna ina?

Su Hajiya Gambo Sawaba ba a waya suka yi nasu ba, gidajen mata suka shiga, aka ɗaure ta ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, a lokacin da macen Arewa ko ƙuri'a ba ta da ikon kaɗawa. Sannan abin da 'yan bokon cikinku suke mantawa, Malam Aminu malami ne, tafsiri yake yi da azumi, da aya da hadisi yake nuna wa talaka cewa zalunci haram ne, shi ya sa duk da an yi ta jifan 'yan NEPU da rashin tarbiyya da raina manya abin bai hana mutane bin su ba. Ku kuwa yanzu da an ce muku 'yan gurguzu marasa addini sai ku rasa bakin magana, kun bar musu mumbari gaba ɗaya.

Kwamared Sadiq ya rubuta:

Anti kin yi gaskiya amma ni fa na gaji da zancen zaɓe kwata-kwata. A watan Agustan 2024 da aka fito zanga-zangar tsadar rayuwa wace jam'iyya ce ta fito ta tsaya a gaba? Babu, aka bar yara ba jagora abu ya rikiɗe ya koma fashe-fashe, aka sa dokar hana fita, daga baya a Nuwamba muka ga ƙananan yara a kotu a Abuja suna faɗuwa don yunwa. Ita Labour da ƙungiyar ƙwadago ta kafa da hannunta, ta zama motar haya, duk wanda ya rasa tikiti ya hau.

Kuma ba mu kaɗai ba ne, ko a Amurka kukan da masu ra'ayin sauyi suke yi ke nan, Bernie Sanders ya nema a 2016 ya nema a 2020 manyan Demokrat suka rufu a bayan wani, kullum ana ce musu ku yi haƙuri ku zaɓi mai dama-dama kar wancan ya ci. Su kuwa masu ra'ayin riƙau tun 1982 suka kafa ƙungiyar lauyoyinsu suna renon alƙalai a hankali, Trump ya zo ya naɗa uku, yanzu shida cikin tara na kotun ƙoli nasu ne, ko sun faɗi zaɓe kotu tana hannunsu. Daidai abin da Baba ya faɗa.

Na Kwari ya rubuta:

Kwamared to in an bar zaɓe sai me, juyin juya hali a WhatsApp? Hhhh. Ku fara da kansila mana in da gaske kuke.

Tsohon Ɗan Santsi ya rubuta:

A'a Alhaji, kansila kam kar su ɓata kuɗinsu. Zaɓen ƙananan hukumomi hukumar jiha ce take yi, a 2021 APC ta kwashe duka 44, a 2024 NNPP ta kwashe duka 44, wanda yake gidan gwamnati shi yake cinyewa. In za ku gwada ku gwada majalisar jiha, kujeru 40 ne kuma INEC ce take yi, ku zaɓi guda ɗaya tak inda kuke da mutane ku tare a nan, ku bar zancen gwamna da shugaban ƙasa. Da Balarabe yana da rinjaye a majalisa da ba a taɓa shi ba. Maganar maja kuma ban ce haram ba ce, NEPU ma ta yi ƙawance da NCNC, amma ta je da sunanta da tauraronta da mutanenta. Ku da me za ku je? In littafin sunayen nan da kuka bi gida-gida kuka rubuta shi ne kayanku, kar ku miƙa wa kowa shi.

Ɗan Gwammaja ya rubuta:

Baba na gode, Allah ya saka da alheri. Littafin yana wajena, jiya ma wanda ya kawo saƙon ya ce in ba shi zai kai sama a sa a kwamfuta, na ce masa na manto shi a makaranta. Maman Ilham kin kama ni, mace ko ɗaya babu a mitin ɗin, ko matata ban taɓa ce mata ta zo ba. Ranar Juma'a bayan la'asar za mu sake zama, telan nan ya riga ya ce in dai majar za a yi a dawo masa da kuɗin karo-karonsa, 'yan adaidaitan kuma ɗaya yana so ɗaya ba ya so, kuɗin hayar shago kuma ƙarshen wata ne.