Musayar Waƙa: Spofforth, Aljanin Kurket

Malam Ɗan Tsangaya:
Ku matso in ba ku labarin gwani,
Fred Spofforth, dogo mai ban tsoron gani,
An haife shi 1853 a Balmain ta Sidni,
A banki akawu, a filin kurket mai jifan ƙwallo, Aljani.
A filin Lord's na Landan, 1878, Ostareliya ta gama da kulob ɗin MCC a wuni,
Mutum shida ya fitar daga wasa, maki huɗu kawai suka samu a kansa, wa ya taɓa gani?

Hajiya Mai Tsinin Baki:
Malam, kirari ya yi, amma ba ka faɗi duka ba,
A 1877 aka yi Test na fari, wasan ƙasa da ƙasa, gwaninka bai je ba,
Wai ba a sa abokin wasansa Murdoch tsaron bayan turaku ba,
Aka ba Blackham, shi kuwa bai lamunta ba.
Ostareliya ta ci Ingila da 45, ba ta jira shi ba!

Malam Ɗan Tsangaya:
Hajiya, ai wasa na biyu ya zo da kansa,
A Melbon, 1879, Ingila ta sha hannunsa,
Jifa uku, mutum uku, duk suka bar masa,
A Test babu wanda ya yi haka kafinsa.

Kawu Sarkin Fage:
Ku dakata yara, ba ku taɓo zancen ba duka,
A filin Oval na Landan, 1882, Grace na Ingila ya jawo wa kansa duka,
Ya fid da Sammy Jones na Ostareliya da wayo, Aljani ya harzuƙa.
Maki 85 Ingila ke nema, tana ganin ta tsallaka,
Bakwai da bakwai ya kwashe, kan maki 90 duka.
Kuma ni ban ce ƙarfi ba ne, dabara ce ta kai shi haka,
Hannu ɗaya, tafiya ɗaya, ƙwallo ta zo da wuta ko ta yi laushi... 
(baitin nan ya ƙi amo, ku bar ni haka!)
Da maki 7 'yan Ingila suka faɗi, jarida ta yi musu makoki da barka,
Wai a ƙone gawar kurket, a kai wa Ostareliya toka.

Hajiya Mai Tsinin Baki:
Kawu, na sara maka, wannan kam ya yi,
Wasa 18, mutum 94, babu zancen son rai ko ra'ayi.
Amma a 1888 ina ya dosa, me ya yi?
Ingilar nan dai, garin matarsa, can ya yi sheƙa ya yi,
Har 1926 da ya cika, sana'arsa ganyen shayi.
Malam, ga fage nan, in kana da amsa sai ka yi.